Tafsirin Marigayi Ya Cika Mana Saba, Ga Jarrabawa Ta Matso

Assalamu alaikum, Gwaggo Saude.

Don girman Allah ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe, ki ba ni shawara. Na kai inda ba na iya yanke hukunci ni kaɗai, kuma duk wanda na tunkara a nan sai ya zame ya bar ni. Na san galibi matsalar gida ake kawo miki. Tawa ta wurin aiki ce, amma ta biyo ni har gida, ta hana ni jin daɗin abinci.

Ni malamar kwamfuta ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta je-ka-ka-dawo, a wani gari da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Ba zan faɗi sunan garin ba, ko da yake na san ɗan gari in ya karanta zai gane. Shekarun baya wata ƙungiya ta haɗa mana ɗakin kwamfuta. Akwai babbar kwamfuta guda ɗaya da muke kira saba, sai ƙananan alluna da aka jera a kan benci, kowanne da madannai da linzaminsa, wato ɗan abin da ake ja da hannu a danna. Ƙananan nan ba su da ƙwaƙwalwar kansu. Duk abin da yarinya ta gani a gabanta daga cikin sabar yake fitowa, in ta tsaya ɗakin gaba ɗaya ya tsaya. Wutarmu sola ce, batiranta sun tsufa, in muka kunna da safe kafin azahar sun fara kuka.

Bara 'yan ajinmu na shida suka tafi rubuta jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu da kwamfuta ake yin ta. Gwaggo, ba su taɓuka abin kirki ba, kuma ba don ba su san karatu ba. Akwai wata Hafsatu, yarinyar da duk malami ke alfahari da ita, wadda in ta tashi ba da amsa a aji sai ka ji daɗin koyarwa. Ta dawo ta ce mini da ta zauna sai ta danna wani wuri tambayoyin suka ɓace mata, kafin ta samu wanda zai duba mata lokaci ya ci rabi. A ɗakinmu ta taɓa kwamfuta, amma ba ta taɓa ganin yadda jarrabawa take a kan allo ba, da agogo yana tafiya a gefe. Yanzu tana gida tana taya mahaifiyarta kai nono kasuwa. In muka haɗu a hanya sai ta durƙusa ta gaishe ni, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Ƙanwarta tana ajin bana. Mahaifinsu ya faɗa a taron iyaye, ba da faɗa ba, cewa in bana ma haka aka yi to shi ya gane karatun nan iyakarsa ke nan, ƙananan da ke tasowa gara su zauna su taya aikin gida. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, shi ne dai ya iya furtawa.

Saboda haka na tashi tsaye. Wata ƙawata da ke koyarwa a Kazaure ta taimaka mini da manhajar gwaji, irin wadda yara za su zauna su yi jarrabawar ƙarya kamar ta gaske, da tambayoyin shekarun baya da darussa. Na hau babur na je na karɓo da murnata. Da na zo sakawa, sabar ta ƙi karɓa. Rumbun ajiyarta ya cika maƙil, babu masaka tsinke. Shi ne ma dalilin da ya sa take tafiyar hawainiya tun tuni, yarinya ta danna abu sai ta zauna ta yi tagumi kafin ya buɗe.

Abin da ya cika ta shi ne damuwata. Tafsirin marigayi Malam Haladu ne.

Malam Haladu shi ne limamin garinmu har Allah ya karɓi ransa. Shi ya ba da filin da aka gina makarantar nan. Shi ya riƙa bin gida gida, har rugage, a kan wani tsohon kekensa, yana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su yi karatu. Ni kaina ɗaya ce daga cikin waɗanda ya roƙo. Mahaifina makiyayi ne, ba shi da niyyar saka ni a boko ko kaɗan. Malam ya yi ta zuwa rugarmu, ya zauna a kan buzu ya sha fura, ya yi hira a kan shanu da ruwan bana, sai zai tashi ya ce, to Ardo, maganar yarinyar nan fa? Haka ya yi ta yi har mahaifina ya gaji ya ce a tafi da ni. Duk abin da na zama yau, bayan Allah, shi ne sanadi. Baba Malam nake kiransa har ya rasu.

Duk watan azumi yakan yi tafsiri a ƙofar masallaci. A shekarunsa na ƙarshe wani mai ɗaukar bidiyon biki a garin, Sama'ilu, ya ɗauki alkawarin naɗar tafsirin kyauta don neman lada. Kullum zai kafa kyamararsa tun daga buɗewa har addu'a. Katunan ajiyar kyamararsa kaɗan ne, kuma da su yake neman abinci, don haka in ya cika sai ya zo makaranta ya juye a sabarmu, tunda ita ce babbar na'ura a garin, ya goge katin ya ci gaba. A lokacin babu wanda ya ga aibun haka, ni ma da hannuna na buɗe masa ɗakin sau da yawa. Daga baya sana'ar ta karye masa, ya sayar da kayan ya tafi neman kuɗi ƙasar Nijar, ba ma samunsa a waya. Na bincika iya bincikena, babu wani kwafi a ko'ina. Abin da ke cikin sabar nan shi ke nan muryar Malam da fuskarsa da suka rage a duniya.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan rasuwar Malam, malamai suka riƙa kwafar tafsirin suna sakawa a jakar da ke ɗauke da sunansu a cikin sabar, kowa yana son a ce yana da nasa. Sun ɗauka kamar mutum ya ɗauki littafi daga kanta ya mayar wata kanta ne, ba su san duk kwafi sabon wuri yake ci ba. Wasu suka ƙara da karatun Alƙur'ani na alarammomi da wa'azozi da suka samo a waya. Abu a kan abu, har rumbu ya cika.

Za ki ce to a goge maimaicin mana. Na gwada, Gwaggo, kuma daga nan ne komai ya tsaya. A makarantarmu akwai wata al'ada da Malam da kansa ya kafa. A kusurwar ofis akwai wata tsohuwar randa. Duk takardar da aka tsinta da aya ko sunan Allah a jiki, ko yagaggen littafin addini, ko takardar jarrabawar Islamiyya, ba a kai ta bola. A randar nan ake sakawa, ƙarshen zango a haƙa rami mai tsabta a bayan masallacin makaranta a binne. Yaranmu sun tashi da wannan, za ki ga 'yar aji ɗaya ta tsinci ƙyallen takarda a ƙasa ta karkaɗe ta ruga ofis da shi. Ni ma haka na tashi, kuma ina son al'adar har raina.

Ranar da na zauna rage maimaicin, Malam Daudu, malaminmu na addini, yana tsaye a bayana. Dattijo ne mai tsoron Allah, almajirin marigayi ne na kusa. Na danna gogewa a kan wani zama na tafsirin Suratu Maryam da na tabbatar akwai irinsa a wata jakar. Sai ga fayil ɗin a kan allo, ya tafi ya faɗa cikin hoton kwandon shara da ke gefe, har kwandon ya nuna ya cika da takardu. Malam Daudu ya yi salati da ƙarfi. Ya ce, Malama, ayar Allah ce kika jefa a kwandon shara ina kallo? Na yi masa bayani cewa hoto ne kawai, babu wani kwando, babu shara. Ya ce shi dai abin da idonsa ya gani ke nan, kuma in babu kwando, to ina ayoyin suka tafi? Wa ya binne su? Ba rigima yake nema ba. Na dawo da fayil ɗin inda yake, ya fita yana share ido.

Kafin la'asar magana ta zaga gari, an ce malamar kwamfuta na zubar da tafsirin Malam a shara. Mahaifiyata ta aiko daga ruga a tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Wata tsohuwa ta tare ni a bakin rijiyar burtsatse ta ce, 'yar nan, mutumin da ya ɗauko ki daga bayan shanu shi za ki yi wa haka? Na dawo gida na yi kuka mai isata.

Na je wurin shugaban makaranta. Mutumin kirki ne, amma ba ya son abin da zai haɗa shi da gari. Ya ce yana son yaran su ci jarrabawa, kuma ba ya son a taɓa tafsirin Malam, ni ce masaniyar na'ura, in san yadda zan yi. Na ce to a sayo ƙarin rumbu. Ya nuna mini rufin aji biyu da iska ta yaye, ya ce ɗan abin da iyaye suka haɗa can ya tafi, kuma ba zai iya komawa ya sake miƙa musu hannu ba a wannan tsadar. Mun rubuta sama tun bara, shiru kake ji. Na yi tunanin saye da albashina, amma bidiyon nan manya ne ƙwarai, ba abin da ƙaramin filashi zai ɗauka ba ne, kuma ni ke riƙe da maganin mahaifiyata.

Sai kuma Inno, matar marigayi. Wannan ce ke karya mini zuciya. Ta tsufa, idonta ya yi rauni. Lokaci lokaci, bayan an tashi yara, takan dogaro sandarta ta zo makaranta. Ba ta hawa benci, tabarma nake shimfiɗa mata, in sauko da allo ɗaya in ajiye a gabanta, in kunna mata Malam. Takan matso har fuskarta ta kusa taɓa gilashin. In ya ce, jama'a kuna ji? Sai ta ce, muna ji, Malam. Ba ta kuka. In batir ya fara ƙara sai ta tattara mayafinta ta ce Allah ya yi mini albarka, ta tafi. Ita ba ta taɓa yi mini maganar abin da ake faɗa a gari ba, ban sani ba ko ta ji.

Ga azumi yana ƙaratowa, lokacin da kowa ke tuna Malam. Ga jarrabawa kuma tana biye da shi. Yaran nan kullum sai sun tambaye ni yaushe za a fara gwajin, ina ce musu an kusa. Wani lokaci zuciyata takan ce in rufe ƙofa in goge abin da zan goge, babu wanda zai sani sai bayan an gama jarrabawa. Sai in tuna Baba Malam zaune a kan buzu a rugarmu, in fasa. Wani lokacin kuma in ce a bar komai yadda yake, yaran su tafi da ƙaddararsu, sai in hango Hafsatu da ƙwaryar nono. Na ma fara tunanin neman canjin wurin aiki in huta, amma na san gudu ne.

Gwaggo, shin zunubi ne in goge? In ba zunubi ba ne, butulci ne? In kuma na bari yaran suka sake faɗuwa alhali ina da abin da zai taimake su a hannuna, me zan ce wa Allah? Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ba ni da wanda zan zazzage wa cikina.

Taki,
'Yar Ruga Mai Riƙon Makulli

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na karanta wasiƙarki, na ajiye, na sake ɗauka. Da farko ki cire maganar neman canjin wuri daga ranki. In kin tafi, sabar za ta ci gaba da zama a cike, yaran kuma su rasa mutum ɗaya tilo da ya damu har ya hau babur ya nemo musu mafita. Ki kuma cire maganar rufe ƙofa ki goge a ɓoye. A gari irin naku babu abin da ke ɓoyuwa, kuma ranar da ya fito ba ke kaɗai za a juya wa baya ba, har makarantar.

Ba na ganin laifin Malam Daudu, ke ma kada ki gani. Mutumin da ya ga aya ta faɗa kwandon shara ya yi salati, tarbiyya ce ta yi aiki a kansa, irin wadda ta sa yaranku ke tsintar takarda a ƙasa. Garin da ke da wannan ladabi ba a raina shi. Kuskuren kawai shi ne an ɗauki hukuncin takarda an ɗora wa abin da ba takarda ba, ke kuma kika tsaya yi masa bayanin na'ura a lokacin da zuciyarsa ke tafasa. Ba ranar bayani ba ce ranar.

Ni ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa ba. Amma na yi makarantar allo kamar kowa, kuma na san in yaro ya riƙe karatunsa, wanke allon ake yi a rubuta masa na gaba. Babu wanda ya taɓa cewa an wulaƙanta ayar. Sharaɗin dai karatun ya shiga inda zai zauna tukuna, sannan a wanke cikin ladabi a wuri mai tsabta. Ki ɗauki wannan tambaya ki kai wa limaminku na yanzu, amma kada ki je ke kaɗai. Ki fara zuwa wurin Malam Daudu, ki ba shi haƙuri a kan abin da ya gani, ki roƙe shi ya raka ki, ya zama shi ne mai gabatar da maganar. Abin da malamai suka yanke a gabansa, shi zai fi kowa kare shi a gari.

Yanzu ga abin da ban ji kin ambata ba, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Na kai wasiƙarki wurin wata aminiyata da ta daɗe tana kula da irin waɗannan na'urori, tun kafin ta gama karantawa ta dafe kai. Ta ce tsohuwar saba, cike maƙil, a ɗaki mai zafi, da batir mai yankewa ba sallama, rumbunta na iya mutuwa kowace rana ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ranar da hakan ta faru, tafsirin gaba ɗaya ya tafi, har wanda Inno ke kallo. Mutanen garinku sun ɗauka barin abin yadda yake shi ne tsare amanar Malam. A gaskiya amanar tana rataye ne da zare ɗaya. Wannan shi ne abin da za ki fara faɗa wa liman da iyaye. Kada ki je musu da maganar gogewa. Ki je da maganar ceto tafsirin, domin gaskiyar ke nan.

Hanyar kuwa ba ta bukatar wani kuɗi mai yawa. Aminiyata ta ce abin da ke cin wuri a bidiyo hoton ne. Malam kuma a zaune yake wuri ɗaya daga farko har ƙarshe, karatun a muryarsa yake. Akwai manhajoji na kyauta da ke zare murya daga bidiyo, kuma in aka zare, tafsirin azumi guda cur zai iya shiga ɗan memorin waya har da saura. Ki tambayi ƙawarki ta Kazaure, zai yi wuya a ce babu wanda ya iya a wurinsu. Ki fara da zama ɗaya, ki saurara da kunnenki ki tabbatar muryar ta fito tas, ki kai wa Malam Daudu ya ji a wayarsa.

Daga nan a yi sanarwa a masallaci, kafin azumi, cewa duk mai son tafsirin Malam ya kawo memorinsa a saka masa kyauta. Ina tabbatar miki za ki ga layi. Masu shagon cajin waya da ke tura wa mutane waƙoƙi a ba su su ma, su riƙa turawa. Makiyayi ya ji a daji, mai babur ya ji a hanya, matan gida su ji suna aiki. Shekara nawa karatun nan yana kulle a ɗakin da ke da makulli ɗaya, tsohuwa guda ce ke jin sa? Ki tabbatar an kai kwafi ɗaya cikakke wajen garin, a ajiye wurin mutumin da aka yarda da shi, saboda gobara da ruwa.

Fuskarsa kuma ba za a rasa ta ba. Ki je gida wurin Inno da kanki, ki zauna ki faɗa mata komai, har da abin da ake faɗa a kanki. Ina zargin ta ji tuni, kawaici take yi miki. Ki roƙe ta ta zaɓi zaman da ta fi so a bar mata da hotonsu, a rage musu nauyi a ajiye. Sauran bidiyon, in wani mai hali daga 'yan garin da ke aiki a Dutse ko Kano ya ji labari ya sayi rumbun da za a juye su, alhamdu lillahi, kuma na fi zaton za a samu in liman ne ya yi kiran. In ba a samu ba, muryar ta wadatar.

Sai an gama wannan, an saurara an tabbatar, sannan a zo kan wankewa. A fara da maimaicin da malamai suka tara, wataƙila ma shi kaɗai ya ba ki wurin da kike nema. A yi shi da rana, a gaban liman da Malam Daudu da shugaban makaranta, a buɗe da addu'a ga marigayi. Aminiyata ta ce akwai yadda ake gogewa kai tsaye ba tare da abu ya bi ta kwandon nan ba, kuma hoton kwandon ma ana iya kawar da shi daga allo. Ki yi hakan. Ba yaudara ba ce, kiyaye idon dattijo ne daga abin da ke sosa masa rai.

Shugabanku kuma, a gaishe shi, a ce Gwaggo ta ce kujerar da yake kai ba ta hutawa ba ce. Shi zai kira taron, shi zai tsaya a gaba, ba zai tura malamar da ke ƙarƙashinsa ta sha zagin gari shi yana ofis ba. Bayan haka ya kafa doka: kowane malami da iyakar wurin da zai ajiye abu, kuma babu mai juye komai a sabar sai da saninki.

Kada ki jira duk wannan ya kammala kafin ki fara da yaran. Gobe ma ki fara. Riƙe linzami da neman harafi a madannai ba sa bukatar sabuwar manhaja. Ki raba su rukuni rukuni, ki ba 'yan aji shida safiya lokacin da batir ke da ƙarfi, ki kashe allunan da ba a amfani da su. In wuri ya samu, ki saka tambayoyin gwajin kawai, ki bar darussan bidiyo, domin su ma cin wuri za su yi su nauyaya na'urar. Ki sa musu agogo su saba da ganinsa yana tafiya. Hafsatu kuma ki aika mata ta zo ta zauna tare da su. Faɗuwa sau ɗaya ba ta rufe mata ƙofa ba, kuma mahaifinta zai ga makarantar ba ta yar da 'yarsa ba.

Kin tambaye ni ko butulci ne. A'a, 'yata. Butulu ba ya kuka a kan irin wannan. Amma zan faɗa miki ra'ayina ƙarara, domin kada in bar ki a tsakiya kamar yadda aka bar ki. In an yi duk abin da na lissafa, muryar ta fita ta shiga hannun jama'a, sannan lokaci ya ƙure aka ce dole a zaɓa tsakanin ajiye sauran hotunan da buɗe wa yaran wuri, to a zaɓi yaran. Malam Haladu ya gama aikinsa, yana wurin Ubangijinsa, babu abin da na'ura za ta ƙara masa ko ta rage masa. 'Yan matan nan kuwa ko farawa ba su yi ba, kuma wannan shekarar ce iyayensu suka ba ku.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa karatunsa ya ci gaba da bin sa da lada. Allah ya ba Inno haƙuri da lafiya, ya ba mahaifiyarki sauƙi. Ke kuma Allah ya ƙarfafa miki zuciya, ya sa ki ga sakamakon yaranki ki yi hamdala.

Gwaggonki,
Saude